Tsuntsun da ke Ƙirjin Sa'adatu

Shekara tara ke nan da rasuwar Sa'adatu, 'yar ƙanena, kuma har yau ban huce da wasu takardu uku ba.

Shekararta goma, ga surutu kamar ta ari baki. Amma da ta yi gudu ko ta firgita, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Gwaggo, tsuntsun nan ya tashi." In ka ɗora hannu sai ka ji zuciyar na bugawa ba tsari, wani lokacin ma ta zube a sume. A garinmu Kuyello kowa ya zama likita. Wannan ya ce iska, wancan ya ce farfaɗiya.

Likitan yara a Kaduna ya ce bugun zuciyarta ne yake zargi, kuma akwai magani, amma sai na'ura ta kama rikicin yana cikin faruwa kafin ya san wanda zai ba ta. To, hanyarmu kun san ta. Mu jira rakiyar sojoji, mu wuni a mota, kafin mu isa tsuntsu ya kwanta. Sau uku ana manna mata wayoyi a ƙirji, sau uku takarda na fitowa lafiya lau. Akwai 'yar na'urar da ake rataya wa yaro ya koma gida da ita, amma guda ɗaya ce, layi kuma ya yi tsawo. Aka ce mu dawo bayan damina.

Ba ta ga kaka ba. Ranar kasuwa aka ji harbi daga daji, kowa ya ruga. Harsashi bai taɓa ta ba, faɗuwa ta yi ba ta tashi ba.

Yanzu an ce har agogon hannu yana ɗaukar bugun zuciya. Da tana nan da ta tsokane ni: "Gwaggo, ashe agogo ya fi mu dabara!" Ni dai na gaji da labarin ci gaban da ba ya ƙetaro dajin nan. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji Hausawa. Mun dafa, romon ne ba mu sha ba.

Abin da ta bar mini ɗaya ne. A ajin da nake koyarwa, yaron da ya dafe ƙirji ba na ce masa malalaci. Nakan kama hannunsa in ƙirga bugun, in rubuta, in matsa wa iyayensa sai sun je asibiti. Bara an ɗora wata Ladi a kan magani, ga ta nan tana tsalle.

Allah ya jiƙan Sa'adatu. Takardun nan uku suna cikin akwatina, kowacce tana shaida cewa lafiyarta ƙalau.