Sun Ƙone Ambulolinki Kwana Biyar da Rasuwarki

Daga Allah muke, gare Shi kuma makoma take. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokiyar aikina, wadda duk tashar binciken noma ke kira Anti Mai-Gansakuka, bayan wata huɗu tana fama da ciwon huhu.

Yaya, shekara ashirin da uku kina zagaya gonakin mangwaro da lemo da yazawa, kina kankaro gansakukar nan da ke mannewa a bawon itace kamar tabo, wata toka-toka, wata ruwan ƙwai. Iri sittin da ɗaya kika tara, kowanne a cikin ambulan ɗinsa na takarda, da kwanan wata da gonar da ya fito. Manoma cuta suke ɗaukarta. Ina tsaye wani dattijo ya ɗauko gatari zai sare itatuwan lemonsa tara, kika zauna a gindinsu kika yini kina lallashinsa. "Baba, baƙuwa ce, ba ta cin itacenka," kika ce masa. "Kuma ba ta zama inda iska ta ɓaci. Ranar da ta tafi, ranar za ka ji tsoro." Lemon nan har bana sun yi 'ya'ya.

Da kika ga tana ƙarewa a gonakin da hayaƙin sabuwar masana'anta ke sauka, kika rubuta rahoto. Shugaban tasha ya yi dariya a gaban taro, wai an kawo masa takarda a kan dauɗar bishiya. Sau uku kika sake miƙawa, kina tari, yana turawa ƙarƙashin tebur.

Kwana biyar da binne ki, shugaban ya sa aka kwashe durowoyin ofishinki, aka cinna wa ambulolin wuta a bayan gareji, wai ana son ɗakin don ajiye kujeru. Shi ne kuma ya shigo gidan makoki yana marairaicewa, yana cewa an yi rashin ƙwararriya. Ya gaishe ni, ban amsa ba, kuma ban yi nadama ba. Kwafin rahoton yana hannuna. Jiya na tara manoman, na karanta musu shi daga farko har ƙarshe.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka makwancinki, ya sa jinyarki kaffara ce. Maigidanki da 'ya'yanki uku, Allah ya sanyaya zukatansu. Haƙƙinki kuwa, Allah ba ya barci. Amin.