Gwangwanin Tumatir na Yaya Illa

Murfin kwano ne ya fara, kuma har yau ban manta da safiyar ba. A shekarar 1989 ne, bayan kaka, ina amarya a Malbaza, ina kuma aiki a gidan likita a matsayin mai taimako. Ku da kuka shigo aikin yanzu ba ku tarar da irinmu ba. Mu ke dafa sirinjin gilas, mu wanke ciwo, mu riƙe wa majo faranti. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya da ke shugabantar wurin. Kwaleji kawai na gama, sauran duk a hannunsa na koya.

Kullum na idar da sallar asuba ina lazimi, sai murfin kwanon da ke saman jerena ya kaɗa, ya yi shiru, ya sake kaɗawa. Maigidana ya ce ɓera ne. Na sauke kwanukan kaf, ban ga ko kashinsa ba. Saude, matar maƙwabcinmu, ita ta warware mini. Mijinta Illa ya cika manyan gwangwanayen madara biyu da siminti, ya soka ƙarfe a tsakaninsu, yana ɗagawa a gindin katangar da ta raba mu. Ɗagawar yana yi da ƙyar, ajiyewar ce ta gagare shi, sai ya saki. Ta faɗa mini da dariya, sannan ta ja bakin zane ta share ido.

Illa ɗan lodi ne, cikin masu ɗora buhunan siminti a kamyo, wato babbar motar kaya. A da shi ake nunawa idan ana zancen ƙarfi. Da bazarar da ta wuce hangum ya kama shi da girmansa, kumburin ya sauka ƙasa, ya taɓa mazakutarsa. Ciwon ya tafi, amma mutumin bai dawo ba. Ya rame, damtsensa ya saki, barci na ɗaukarsa a zaune. Sarkin lodi ya mayar da shi ɗaurin tampol don tausayi, amma ya gaya masa gaskiya: idan rani ya kama, gini ya tashi, bai koma ɗaukar buhu ba, za a ba wani wurinsa. Gidan kuwa da wannan lodin yake ci.

Wata Talata sai ga shi a gidan likita, da ƴan kwalaben allura da ya sayo a farmasin Konni. Wani likita a Tawa ne ya duba shi ya rubuta masa. Majo ya bayyana mini cewa akwai wani sinadari, testosteron, da jikin namiji ke yi da kansa, shi ke riƙe tsoka da kuzari. Na Illa ya ƙafe, allurar za ta mayar masa da abin da ya rasa, kuma zai riƙa zuwa bayan ƴan makonni, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Ruwanta mai ne mai kauri, sai an murza kwalbar a tafin hannu ta yi ɗumi kafin ta ja.

Ina shigowa da faranti muka haɗa ido da Illa. Ya miƙe yana laluben takalmi, ya ce gara ya tafi can Konni a yi masa.

"Zamna, Illa," in ji majo. "Cikin ɗakin ga Rabi ba ta da maƙwabci."

Na ce masa, "Yaya Illa, abin da na gani nan, ko maigidana ba shi ji." Na ajiye farantin, na juya fuskata ga bango har aka gama.

Bayan allura ta biyu jikinsa ya amsa. Saude ta ce tukunya ta daina kwana da tuwo. Kwanona kuwa ya shiga uku: asuba ya kaɗa, magariba ya kaɗa, har ranar Juma'a. Majo ya riga ya gaya masa ya ɗaga yau ya huta gobe, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa, kuma jijiya ba ta saurin nama, idan aka matsa mata sai ta tsinke. Illa ya amsa da to. Amma a ganinsa namiji mai lafiya ba ya wuni bai yi gumi ba.

Da ya zo ta uku, na lura da hannun hagu yake tuɓe riga. Ya roƙi a haɗa masa kwalba biyu lokaci guda, wai rani ya matso. Majo ya ƙi, ya ce ba a ƙara wa miya gishiri don ta yi saurin nuna. Ya tambaye shi ko yana hutawa. Illa ya ce sosai.

Nan na rasa yadda zan yi. An koya mana kada mu kai zancen aiki gida, amma ba wanda ya gaya mini ko ana kawo zancen gida wurin aiki. Na tuna haƙƙin maƙwabtaka, na kuma dubi kafaɗar nan da ya kasa ɗagawa. Ina fuskantar bango na ce, "Majo, murfin kwanona bai huta ba ko rana ɗaya."

Sai Illa ya ce, "Ashe, amarya, jandarma aka yi miki jere da su." Majo ya yi dariya har ya cire tabarau.

Da ya duba kafaɗar ya ce Allah ya taimaka, ba ta tsinke ba. Ya hana shi ɗagawa sai zafin ya tafi, sannan ya kafa masa doka: duk nauyin da ba zai iya ajiyewa a ƙasa ba tare da Rabi ta ji ba, ya fi ƙarfinsa. Ya koma gwangwanin tumatir, daga nan ya riƙa hawa. Illa ya ce shi da ke saɓa buhu biyu, mi za a ce in an gan shi da abin wasan yara? Majo ya ce ai katanga ba ta da baki. Ni ce na tara masa gwangwanayen, na ba Saude.

Daga ranar kwanona ya yi shiru, kuma shirun ya fi ƙarar damuna. Ban sani ba ko yana bin doka ne, ko ya yi zuciya ya bar abin gaba ɗaya saboda na tona shi. Yana zuwa allura, ya gaishe ni a taƙaice. A gida ba ni da bakin tambaya. Abin da na iya shi ne na sa shi cikin addu'ata bayan kowace asuba.

Abin da na koya a nan, ƴan uwana, shi ne allura ita ce mai sauƙi a aikinmu. Mutumin da ya fara jin sauƙi ya fi mai jinya wuyar riƙo, domin tsoron rasa abincin iyalinsa ke kora shi, ba taurin kai ba.

Rani ya kama, kamyoyi suka yi layi har bakin hanya. Wata rana da la'asar na dawo aiki ina tsince shinkafa, sai ga Hadiza, ƙaramar ɗiyar Illa, ta faɗo gidan ba ko sallama, tana haki.

"Inna Rabi, Innata ta ce ki ara mata sabulu. Yau da Baba anka yi lodi, ya dawo fari fat har gira, siminti ya cika mishi kunne, kuma ya ce malmala ukku za shi ci."