Ranar da Iska Ta Zame wa Sai-Gobe

A ƙaramin filin jirgin da yake aiki ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai-Gobe suke ce masa, daga makanikai har mai shayin bakin ƙofa. Zai fito da safe ya duba mai, ya zagaya jirginsa yana shafa fukafukai, fasinjoji sun riga sun jera jakunkuna, sai ya ɗaga kai ya ƙura wa sama ido, ya dubi jakar nan mai kama da safa da ke rataye a sanda tana nuna inda iska ta dosa, ya ce, "Ku yi haƙuri, sai gobe." Wasu su yi tsaki, wasu su ce tsoro ne. Shi dai ba ya tanka musu.

Jirgin nasa ɗan ƙarami ne, mai farfela ɗaya da kujeru huɗu. Likitoci da kwalayen magani yake kaiwa ƙauyukan da mota ba ta isa idan ruwa ya zauna. Ya daɗe a wannan aiki har furfura ta fito masa a gemu, amma idan ya shiga gidan yayarsa, yaro yake komawa. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinkinta ta ciyar da shi, kuma ita kaɗai ke tuna cewa wannan matuƙin jirgi, yana ƙarami, ko motar haya aka sa shi sai ya yi amai.

"Kai ɗin da ke ɓata wa mutane kaya a mota," takan ce, "kai zan damƙa wa raina a sama? Allah ya sawwaƙe."

Sai ga shi 'yarta, wadda ke aikin jinya a wani ƙauye, ta haihu, ruwa kuma ya cinye gadar da ke kaiwa can. Washegari ya iske yayar tasa zaune a bencin filin jirgi da jaka a cinya. Ba ta ko gaishe shi ba ta ce, "Jikata zan gani. Ka tuƙa a hankali."

Da sassafe ya so su tashi, amma kwalayen magani ba su iso ba sai da rana ta ɗaga. Ya tambayi masu duba yanayi, suka ce hadarin yana nesa, sai yamma. Ya dubi sama, ya ga da hali, suka tashi.

Tafiya ba ta yi nisa ba jirgin ya fara gargada kamar mota a kan hanya mai ramuka. Yaya ta damƙe bakin kujera.

"Mene ne wannan kuma? Sama ma ba a yi mata kwalta ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Zafin ƙasa ne ke tasowa, Yaya, kamar tururin tukunya. Ba komai, ki dai ƙara ɗaure bel ɗinki."

Filin saukar ƙauyen yana tsakanin wani tsauni ne da jerin dogayen bishiyoyi. Da suka hango shi, ya lura wani baƙin girgije ya matso fiye da yadda aka gaya masa, ruwa na zubowa daga cikinsa amma ba ya kai ƙasa. Jakar iska tana nuna iskar na fuskantarsu, yadda ake so. Ya rage totur, ya fara gangarowa. A ƙasa yana ganin mutane tsaye, har da surukin yayarsa yana ɗaga hannu.

Kwatsam sai jirgin ya ɗan yi sama da kansa, gudunsa ya ƙaru. Ya san wannan kyautar ba ta alheri ba ce: iskar da ta ƙara maka yanzu, ita za ta ƙwace. Bai gama tunanin ba iskar gaban ta ɗauke ɗif, wata ta danno su daga sama. Jirgin ya sulale ƙasa kamar an janye wa mutum kujera. Ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka, kawunan bishiyoyi suka taso musu.

Ya danna totur har ƙarshe. Zuciyarsa na ce masa ya finciki sitiyari ya ɗaga hancin jirgin da ƙarfi, amma ya san in ya yi haka iska za ta saki fukafukan gaba ɗaya, jirgin ya faɗo. Ya ɗaga kaɗan, ya riƙe, yana addu'a ƙasa-ƙasa. Inji na ruri, jirgin na rawa. Ganye ya shafi taya. Daga nan, a hankali kamar tsoho na hawa tudu, suka fara yin sama.

"Ka wuce gidan!" Yaya ta yi ihu. "Ga su can a baya!"

"Na gan su, Yaya."

Da ya waiga, jakar iska ta riga ta juya ta koma ɗaya ɓangaren, hulunan mutane na birgima a ƙasa. Bai sake gwadawa ba. Ya karkata zuwa wata babbar gona mai nata filin sauka, a tsallake ɗaya da ƙauyen amma nesa da hadarin, ya sauka lami lafiya.

Ya kashe inji, wuri ya yi tsit. Ya jingina da kujera, zufa na keto masa. Yaya ta dube shi, sai yanzu ta gane abin da ya wuce. Ta ce, "Da mun tafi ke nan?"

"Da saura ƙiris. Jirgi a kan iska yake kwance. In ta zame masa kusa da ƙasa, ba ka da wurin gyara."

Ta kama gefen mayafinta ta share masa zufar goshi, ta riƙe hannunsa. Sannan dariya ta kufce musu su biyu, irin wadda ke zuwa da hawaye, suna ta faɗin alhamdulillahi.

Mai kula da gonar ya ba su tarakta da direba. Bayan ruwa ya ɗauke suka hau tirela, su da kwalayen magani, suka bi ta cikin laka har ƙauyen. 'Yar Yaya ta fito da gudu ta rungume su tana kuka, ta ce, "Kawu, wallahi mun ɗauka jirgin ya shige cikin bishiyoyi."

Aka miƙa wa Yaya jaririya. Ta zauna a bakin gado tana kallonta, tana ba matan gidan labarin tafiyar, tsaunin yana ƙara tsawo a bakinta, bishiyoyin suna ƙara yawa. Sai-Gobe ya jingina da bango a waje, ya cire takalma, ya shanye kofin ruwa biyu. Ya kira matarsa ya ce mata sun isa lafiya, sauran bayani sai ya dawo. Daga ɗaki ya ji yayarsa na cewa, "Ƙanena ne fa. Ni na goye shi."