Ranar da Aka Faɗi Sunana a Rediyo

Duk ƙarshen shekara gidan rediyo yakan ware awa guda ya waiwayi abin da ƙasar nan ta yi a fagen wasanni. A da nakan jira wannan shirin yadda yara ke jiran tuwon sallah. Yanzu ko a cikin keke na ji an kunna shi sai in ce wa direba ya sauke ni, in ƙarasa da ƙafa. Matata tana cewa tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne, kunya ce, kuma da hannuna na jawo wa kaina.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a unguwar Nasarawo, cikin Gombe. Wato ni ne malamin da ake tunawa da shi in za a yi fareti, ko in wani bai zo ba ana neman mai tsare aji. Kayan aikina usur ne da agogon hannu, sai fili wanda awakin unguwa suka fi mu cin moriyarsa. Shekara da shekaru ina hura usur ban samu ɗalibin da ya sa na duba agogona sau biyu ba, sai wata yarinya 'yar aji biyu, doguwa siririya, wadda ba ta cika magana ba.

Wata rana na jera 'yan ajinsu na ce su zagaya fili sau biyu. Ta gama ta tsaya tana gyara hijabi, sauran ko kwanar ƙarshe ba su sha ba. Na ɗauka yanke ta yi, na daka mata tsawa na ce ta sake. Ta sake ina bin ta da ido, ta dawo ko haki ba ta yi. Na tambaye ta inda ta koyi gudu. Ta ce, “Malam, ai ba koya ake yi ba.” Sai daga baya na san tana ƙarama suka baro garinsu a Borno, kuma da ƙafa suka fito.

Mahaifinta dattijo ne mai wankin hula a bakin titi. Yana da 'yar rumfa da katakan da yake kifa huluna a kai su sha rana, kuma shi yake wanke mini hula tun ban san 'yarsa ce ba. Hausarsa a hankali take fita, sai ya auna kalma kafin ya sake ta. Sau uku ina zuwa roƙonsa ya bar ta ta shiga gasa yana cewa a'a, 'ya mace ba ta gudu a gaban maza. Na yi alkawarin dogon wando, na yi alkawarin kai a rufe, na ce malama mace za ta riƙa raka su. Yana ta goga hula da burushi, ko ɗagowa bai yi ba. Da na rasa abin faɗa sai na ce, “Baba, in ta ci fa har a rediyo za a faɗi sunanta.”

Ya ajiye burushin. Ya ce, “Da sunan uba?”

Na ce, “Da sunan uba mana. Ai haka ake yi.”

Nan ya ba ni labarin ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da suka fito daga gari kowa ta kansa ya yi, ƙanen ya bi wata hanya, tun daga nan ba su sake jin ɗuriyar juna ba. Ya je sansani-sansani ya tambaya, ya ba direbobi sallahu, shiru. Ya ce amma ƙanen nan ko gona zai je da rediyo a kafaɗa yake tafiya. “Sunana na kakanmu ne, Malam, ba kowa yake da irinsa ba. In yana raye ya ji an ce 'yar wane daga Gombe, zai san inda nake.” A kan wannan ya yarda, ba don wandon da na yi alkawari ba.

To, ga inda na yi ɓarnar. Fom ɗin gasar makarantu ya zo a makare kamar kullum, aka ce a haɗa da takardar haihuwa a mayar kafin a tashi aiki. Yarinya ba ta da takarda, tata ta ƙone tare da gidansu. Na san akwai takardar rantsuwar shekaru da ake yi a kotu, aikin safiya ɗaya ne, amma lokaci ya ƙure. Ina da 'ya sa'arta, takardarta tana cikin jakata. A sana'armu aron takarda ba wani abu ba ne, kamar aron takalmin gudu muke ɗaukarsa. Na sha ganin ƙato mai gemu ya shiga tseren yara da takardar ƙanensa, mu malamai muna dariya. Ni ko shekara ɗaya ban rage mata ba, har ina ganin kaina mai gaskiya. Na cike fom da sunan 'yata da nawa a baya, na ce wa yarinyar, “Na gasa ɗaya ne kawai. In kin ji an kira wannan sunan ki amsa.” Ta ce to.

Ta ci gasar. Daga nan sunan ya shiga jerin waɗanda za su wakilci jiha, ta je ta sake ci, aka kira ta sansanin horo na ƙasa. Kowane mataki sai in ce bari a wuce wannan tukuna in gyara. Da aka zo maganar fasfo, ni na sa hannu a matsayin uba. Takardar izinin da dattijon ya dangwala wa yatsa, yana murmushi yana goge tawada a gefen tabarma, na kai gida na jefa a durowa. Tana nan har yau.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Na je wurin wani jami'i da takardun ke bi ta hannunsa na gaya masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa ya ce, “Koci, so kake a kore ta? In ka taɓa sunan nan yanzu cewa za a yi maguɗin shekaru ne. A ƙwace abin da ta ci, ta koma gida, kai ma ka san makomar aikinka.” Na fito ina zaginsa a zuci, ina cewa duk irinsu suka kashe wasanni a ƙasar nan. Amma kafin in kai inda 'yan acaɓa ke tsayawa na ji wani sanyi a raina, don ya ba ni hujjar yin shiru. Wannan sanyin shi na fi tsana a duk labarin.

A shekara ta biyu ta fita waje gasar matasa ta dawo da lamba a wuya. A Gombe ba wanda ya ji. Makon ana wasan ƙwallon Turai, samarin unguwa sun san sunan kakar mai tsaron gidan wata ƙungiya a can, amma ba su san 'yar layinsu ta ɗaga tutar ƙasa ba. Da na so in yi fushi sai na tuna rashin kulawarsu ne yake rufa mini asiri. Dattijon ya sa aka yi wa takardar yabonta gilashi ya rataye a rumfa. Shi karatun allo ya yi, ba ya karanta boko, masu kawo hula kuwa ba mai ɗaga kai ya duba. Yarinyar ta koma sansani, duk lokacin da ta kira ni sai ta ce, “Malam, ka gaya wa Baba?” In ce zan gaya masa. Ta ce, “Ni ba zan iya ba, Malam.”

Da shekara ta zo ƙarshe gidan rediyo ya fara tallan shirin waiwaye, har ana cewa akwai 'yar Gombe a ciki. Wani maƙwabci ya kai wa dattijon labari. Shirin bayan la'asar ne. Na zo da wuri da niyyar in ja shi gefe, na tarar an share gaban rumfa an shimfiɗa tabarmi. Ya sa sabon batir a rediyo, ya ajiye goro da dabino a faranti, ya sa hular da ban taɓa ganinsa da ita ba. Mutanen garinsu sun zo, wasu daga Gabukka, wasu daga Barunde, keke na sauke su biyu-biyu. Ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce musu, “Wannan shi ne malamin. Mutum ne mai amana.” Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah ya sanya alheri, Baba.”

Aka fara shiri da ƙwallon ƙafa, kuma aka daɗe a kansa. Wasan da aka ci, wasan da aka zubar, bugun fanaretin da wani ya harba sama, kocin da aka sallama, har da wanda ya yi kuka a fili. Samari biyu da suka tsaya a gefe suka kaure da gardama sai da wani tsoho ya tsawatar. Dattijon bai san komai a ƙwallo ba, ya dai ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon rediyon. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, addu'a nake yi lokaci ya ƙare ba a kai gare ta ba. Aka taɓa 'yan kokawa, aka taɓa mata 'yan ƙwallon kwando, aka haɗa masu ɗaga nauyi da wasu a numfashi ɗaya. Sai mai gabatarwa ya ce kada a manta da wata matashiya daga Gombe da ta fitar da ƙasa kunya a tsere. Ya faɗi sunan 'yata, ya faɗi nawa, a fili, har sau biyu.

Dattijon ya juyo ya ce, “Akwai wata 'yar Gomben ne, Malam? Tawa tana gaba?” Kafin in amsa ɗaya daga samarin ya ce, “Kai, ai sunan Koci ne wannan! Koci, ashe 'yarka ce? Barka!” Ya miƙo mini hannu. Kiɗan rufe shiri ya tashi. Ban karɓi hannun ba, na sunkuyar da kai na faɗi abin da na yi, a gaban kowa, tun daga fom har fasfo. Maganar da na yi shekara biyu ina ɗagawa ba ta ɗauki minti uku ba.

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗauki katakon hula ya jefe ni da shi. Bai yi ba. Ya kashe rediyon, ya ɗauki farantin goro ya bi baƙinsa ɗaya bayan ɗaya yana ba su, yana yi musu godiyar zuwa. Suka tashi suna kakkaɓe riga, ba wanda ya dube ni.

Tun kafin in isa gida wayata ta fara ƙara. 'Yan'uwa daga ƙauye, tsofaffin ɗalibai, surukai. 'Yata, wadda ko akuya ta shigo gida sai ta kira ƙanwarta ta kora, ita ake yi wa barka da lambar tsere, ta shige ɗaki tana kuka. Washegari wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare ya kira ni daga kudu. Rabona da shi tun muna samari, na ma ɗauka ya rasu. Ya ce yana shago ya ji sunana a rediyo, ya bi mutane har ya samo lambata. Yana ta murna yana cewa, “Ka ga ikon Allah, rediyo ya haɗa mu!” Na ce masa ina cikin aji, na kashe wayar.

Yarinyar tana nan tana gudu, kuma har yau da sunana take yi, don ban sami hanyar gyarawa ba tare da na rushe ta ba. Da ta zo hutu ta gaishe ni da ladabi kamar kullum. Abu ɗaya ta faɗa, cewa in an kira ta a fili takan ɗan jira kafin ta ɗaga hannu.

Bayan ranar shirin, sai da na yi mako biyu kafin na iya bi ta gaban rumfar. Ina da hula a wurinsa, na so in bar masa ita, amma ya hango ni ya yafito ni. Ya ciro ta daga kan katako, ya busa ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Takardar yabon tana nan rataye inda take. Na tsaya ina neman kalmar ban-haƙuri, ya riga ni magana.

Ya ce, “Malam, mutane sun kira ka?”

Na ce, “Sun kira, Baba.”

“Har na nesa? Waɗanda kuka daɗe ba ku ji juna ba?”

Na so in yi ƙarya, amma na gaji da ita. Na ce, “Har na nesa.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “Dama na san zai yi aiki.” Ya jawo wata hular ya tsoma a ruwa, ya ɗauki burushinsa.