Ba-Zama da Koriyar Ƙofa

Magana ta zaga dangi cewa Ba-Zama ta auri aljani. Wai a kan rufin gidansu suke ganawa, tana yi masa harsuna bakwai, yana amsa mata ta cikin tankin ruwa. Har kakarta ta fara cigiyar mai magani.

Ƙarya ce, jama'a. Aljanin da zai iya da Ba-Zama ba a haife shi ba tukuna. Rufin nan ne kaɗai inda waya ke kamawa a gidan.

Tun tana rarrafe ba wanda ya taɓa ganin ta zaune, shi ya sa sunan ya bi ta. Yanzu aiki take wa wata mujallar intanet wadda ba ta gwamnati ba, ba ta wani attajiri ba. Su kaɗan ne, kowa na ƙasarsa, suna rubuta labaran waɗanda aka zalunta, masu tsawon da in ka fara da baƙin gashi sai ka gama da furfura. Nata aikin, kafin a saki labari, ta kira duk wanda ya yi magana a ciki, ta karanta masa, ya ce ya yarda.

Wannan karon labarin wata 'yar aikin gida ce a ƙasar waje, wadda ubangidanta ya ƙwace wa fasfo. An sakaya sunanta, amma marubucin ya ambaci ƙofar gidan, koriya mai zanen tsuntsu. Ba-Zama ta ce in mutumin ya gani zai gane, ga matar har yanzu tana cikin gidan. Marubucin ya ce ƙofar nan ita ce ran labarinsa. Edita sai aiko saƙo yake a saki labarin. Wayar matar kuwa a kashe.

Ta hau rufi, ta sauko, ta sake hawa, takalmi ɗaya a ƙafa. Da kira ya ƙi shiga, ta rubuta wa edita: ko a cire ƙofar, ko a cire ni.

Ɗan kawunta na zaune a gindin tsani yana kallon ikon Allah.

"Ke Ba-Zama, duk wannan gumin kan ƙofa? Na gwada karanta labarinku ɗaya, layi uku barci ya kwashe ni. Wa zai kai wurin ƙofar nan?"

"Kai kam ba za ka kai ba ko an goya ka," in ji ta. "Amma wanda ya ƙwace fasfon, har ƙarshe zai karanta. Matsa min daga tsani."