Na Ɗora wa Tattasai Laifin Idon Matata

A lokacin da abin nan ya faru, ni ne mutumin da ake kira a kasuwa idan ana gardama a kan tattasai. Iyayena ƴan Damagaram ne, kasuwanci ya kawo su Diffa, a nan aka haife ni, a cikin buhunan tattasai na buɗe ido. In an kawo kaya daga gonakin bakin kogin Komadugu, ni nake zura hannu cikin buhu, in ɗebo, in ɗaga shi a rana, in faɗi ko ya bushe a tsanake ko an yi masa gaggawa. Akwai jan da ke nuna ƙasa mai kyau, akwai na wanda ruwa ya taɓa, duk ina bambancewa. Ga ni kuma da shegen tambaya, har abokaina suna tsokanata wai ko kaza ce ta tsallake hanya sai na bi ta na ji dalili. Na faɗi wannan ne don a gane girman wautata, domin ja ya shigo har cikin gidana, ban yi masa tambaya ko ɗaya ba.

A sana'armu jan ido ba ciwo ba ne. Lokacin da ake juye busasshen tattasai, kowa a rumbu idonsa jawur yake, ana atishawa ana hawaye ana dariya, gobe kuma a wartsake. Matata ba ta taɓa taka rumbun ba. Ita ɗinkin hula take yi, irin mai ƙananan zane da ta koya wajen mahaifiyarta, kuma idonta shi ne jarinta. Wata safiya ta tashi idonta na hagu ya yi ja. Ta ce mini ba ƙaiƙayi yake ba, ciwo ne daga can ciki kamar ana danna shi da yatsa, kuma hasken rana yana sokarta. Ban ko matso na duba ba. Na ce ai ni ne, ƙurar tattasai nake kwasowa a riga da gashi in kawo mata. Ta yarda, don maganar tana da kan gado. Maƙwabta kuwa suka ce apolo ne, zai wuce.

Sai na nemo magani irin nawa. Na kai bokiti da sabulu da rigar canji rumbu, kullum kafin in tafi gida sai na yi wanka tas a bayan buhuna. Abokan aiki suka sa mini suna ango, ni kuwa ina jin daɗi a raina, ina ganin ba kowane miji zai yi haka ba. Na kuma sayo mata maganin ɗigawa wajen wani mai talla. Cikin ƴan kwanaki jan ya washe, na ce to kin ga amfanin wankana. Bayan wata guda da ƴan kai ya dawo, a ido ɗin nan dai na hagu. Muka ɗiga, ya tafi, ya sake dawowa. Ta kwashe ɗinkinta daga tsakar gida ta koma ɗaki ta saki labule. Ta ce tana ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje, na ce gajiyar allura ce. Apolo in ya shiga gida sai ya zagaye kowa, amma yaranmu ko ɗaya bai kamu ba. Wannan ma bai sa na tsaya na yi tunani ba, har muka ci wata biyar a haka.

Zare ne ya farkar da ni. Wata rana bayan la'asar ta miƙo mini zare biyu ta ce in gaya mata wanne ya fi ja, don in ta rufe idon dama duka biyun toka-toka take gani. Na jawo ta bakin ƙofa, na ɗaga haɓarta, na kalli idon yadda nake kallon tattasai a rana. Baƙin tsakiyar idonta na dama ya tsuke da ya ga haske, kamar yadda na kowa yake yi. Na hagun bai motsa ba, kuma ba zagayayye ba ne, ya karkace kamar ƙwayar wake. Tunda nake ban taɓa ganin tattasai ya yi wa mutum haka ba.

Washegari muka tafi wajen likitan ido. Dattijo ne mai sanyin magana. Na shiga rattaba masa labarin wankana, ya bar ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, tattasan naka ya san hagu da dama ne, da kullum sai ido ɗaya yake zaɓa?” Ya zaunar da ita gaban wata na'ura, ta ɗora haɓa, ya haska siririn haske kamar tsinke cikin idon, ya daɗe yana leƙawa. Halina bai bar ni ba, na tambaye shi me yake nema. Ya yi murmushi ya matsa, ya ce in leƙa. Kun san yadda ƙura ke yawo cikin hasken da ya ɓullo ta hujin rufin ɗaki? Haka na gani a cikin idon matata. Ya ce ruwan gaban ido garau ya kamata ya kasance, waɗannan ƙwayoyin alamar kumburi ne. Ciwon ba a saman ido yake ba kamar apolo, a cikin shimfiɗar tsakiya yake, wadda ke ba ido launinsa. Da Faransanci uvéite suke ce masa. Daɗewar kumburin ce ta sa gefen baƙin idon ya manne da abin da ke bayansa, shi ya sa ya karkace.

Ya auna ƙarfin ruwan idon, ya ɗiga mata maganin da ke buɗe shi don ya ga can ƙarshe. Daga nan ya koma tambayoyin da na ga ba su da haɗi da ido ko kaɗan. Tana tari? An taɓa yin tarin fuka a gidan? Gyambo yana fito mata a baki? Gaɓoɓinta fa? Da ya zo kan baya, sai ta sunkuyar da kai ta ce shekaru ke nan in ta tashi da safe ƙugunta a sandare yake, sai ta yi ta zirga-zirga kafin ya saki. Ni da nake tsokanarta da nauyin jiki kowace safiya, a gaban baƙo na fara jin wannan. Kunya ta rufe ni. Likitan ya ce wani lokaci jiki ne ke juyowa ya yaƙi kansa, ya taɓa gaɓoɓi ya taɓa ido, wani lokaci kuma wata cuta ce ta shiga jini. Shi ya sa ya tura mu awon jini da hoton ƙirji da na ƙugu. Ƙirjin lafiya lau, a ƙugun aka ga alamar kumburi.

Na tambaye shi ko ciwon baƙo ne a ƙasarmu, don ban taɓa jin sunansa ba. Ya ce bai kai apolo yawa ba, amma ba baƙo ba ne, kuma ya fi ganinsa a jikin masu ƙarfin aiki irinmu. Ya ce ba wanda zai iya faɗin yawan masu shi a wannan kwarin na Komadugu, don yawancinsu ba sa zuwa, masu zuwan ma sai ido ya gaji, kuma a cikinsu akwai waɗanda har a gama awo ba a gano musabbabin ba. Manomi ya ce ƙura ce, masunci ya ce ƙyallin ruwa ne, mu kuma mu ce tattasai. Maganin mai talla kuwa, ya ce wataƙila yana da abin da ke kwantar da kumburi, shi ya sa muke ganin sauƙi, amma irinsa ba a ɗiga shi da ka, don yana iya rufe ciwo, ya kuma tayar da ƙarfin ruwan ido har ya kashe gani.

Ya ɗora ta a kan magani da randebu, wato mu dinga komawa a duba ta a kai a kai. Ciwon ya kwanta, alhamdulillahi, amma mannewar ba ta saki duka ba. Idon hagu yanzu kamar ta cikin hayaƙi yake gani. Da na dama take ɗinki, hular da take gamawa a sati biyu sai ta kai wata. Da na tambayi likitan ko da mun zo tun farko idon zai tsira, ya ce da dama ta fi haka yawa. Ban sake tambayarsa komai ba a ranar.

Abin da na koya shi ne, bayanin da ya zo wa mutum da sauƙi shi ya fi cancanta a tuhume shi, balle in ya sa mutum yana jin kansa mutumin kirki. Don Allah, duk wanda ya ga ido ya yi ja yana ciwo daga ciki, yana gudun haske, gani yana dusashewa, ko yana tafiya yana dawowa, kada ya tsaya neman wanda zai ɗora wa laifi. A je a haska cikinsa.

Ban daina wankan rumbu ba sai da ita ta hana ni. Wata rana na shigo ta gefenta na hagu, na daɗe a tsaye ba ta san na zo ba. Da na yi gyaran murya ta juyo, ta ce, “Baban yara, ka bar wankan nan haka. Ka dinga shigowa da warin tattasanka, ko ban gan ka ba in san kai ne.”