A-kori-kurar da Ke Kai Mu Maƙabarta

A shekarun da na yi karatu a Alƙahira, idan Bahaushe ya rasu mota guda ce ke ɗaukarsa: wata ƙaramar a-kori-kura ruwan ƙasa, ta wani dattijo mutumin Damagaram da ke dakon kayan 'yan kasuwa daga kasuwar Ataba. Baba muke ce masa. A hannun wani Ba'amurke ya saye ta a unguwar Zamalek, lokacin da mutumin zai koma gida, kuma Baba bai taɓa karɓar ko sisi a kan gawa ba.

Tambarin Amurka ne a goshinta, amma Baba ya san asalinta, kuma ba ya gajiya da faɗa. A Japan aka ƙera kanta da injinta, aka yi mata jirgin ruwa ba bodi don a kauce wa kuɗin fito, sai da ta sauka Amurka aka ɗora mata bodin aka ɗaure da notuna. "Shi ya sa ba su saba da juna ba," in ji shi. Kowace Juma'a kafin masallaci sai ya kwanta ƙarƙashinta ya ɗaure notunan nan, in ba haka ba bodin ya riƙa bugun kan motar. Bodin kuwa gajere ne, makara ba ta shiga duka, sai an sauke murfin baya mutane sun zauna sun riƙe.

Ni ya koya wa tuƙi, da faɗa da dunguri. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne wata ɗabi'arsa: in an ɗauko mamaci, sai ya zuge 'yar tagar bayansa ya riƙa gaya masa hanya da Hausa. "Ga mu mun bar asibiti. Ga gada, ka yi haƙuri, akwai cunkoso." Na ce masa, "Baba, wannan fa ba shi da asali a littafi." Ya harare ni ya ce, "Malam ƙarami, mutum ya mutu a ƙasar da ba a san uwarsa ba, kuma a kai shi shiru kamar buhun albasa?" Sannan ya ce abin da yake tsoro ke nan a duniya, a ɗauke shi a motar asibiti, direba na jin rediyo. "Kai za ka kai ni. In ka yi mini tuƙin banza zan ƙwanƙwasa maka."

Na yi dariya. Wallahi da na sani ban yi ba.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi tsawon wani lokacin sanyi, motar na ajiye, babu wanda ya tuna da notuna. Ranar da ya cika, ma'aikatan asibitin suka ce khalas, wato shi ke nan, motarsu na ƙofa. Muka ƙi, muka sa shi a motarsa, na karɓi tuƙi. Dogo ne, ƙafafunsa a likkafani sun wuce murfin baya, ɗalibai suka zauna suka riƙe.

Na zuge tagar. Na fara gaya masa hanya. Ga mu mun bar asibiti, Baba. Ga Ataba, ga 'yan dako sun tsaya suna kallonka. Hawaye suka rufe mini ido, ban san na taka mai ba, sai na ji ƙwan-ƙwan a bayan kaina, daidai tagar.

Na san notunan ne. Na gaya wa kaina haka a ranar, ina kuma gaya wa kaina har yau, duk lokacin da wani abu ya buga a bayan mota ina tuƙi. Amma na ɗage ƙafata, na ce, "Yi haƙuri, Baba." Har muka isa maƙabarta, duk da ramukan hanyar nan, bodin bai sake bugawa ba.